Kwana a kan kujera maimakon gado: Yaushe yake sauƙi, yaushe yake alamar ciwo?

A gidaje da dama akwai mutum guda da iyali suka saba ganinsa yana kwana a falo. Galibi dattijo ne ko dattijuwa, wani lokaci kuma mai tsohon ciki ko mai jego. Ga gado ga katifa a ɗaki, amma dare na yi sai ya jawo kujera ya jingina, ya miƙe ƙafafu, a nan asuba za ta riske shi. Idan an tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce ya fi jin daɗin nan ɗin.

Masu hali kan sayi kujerar kishingiɗa, wato wadda bayanta ke kwantawa idan an ja wani hannu ko an danna maɓalli, wurin ɗora ƙafa kuma ya ɗago. Wasu 'yan uwa biyu, Edward Knabusch da Edwin Shoemaker, na cikin waɗanda suka yayata irin wannan kujera. A 1927 suka kafa kamfanin da ya zama La-Z-Boy a garin Monroe na jihar Michigan a Amurka, kuma kujerarsu ta farko ta katako ce zalla, ta shan iska a ƙofar gida. Ba don kwana aka ƙera ta ba. Wanda ba shi da kuɗin sayenta kuwa sai ya yi maleji da kujerar falo ko ta roba da tarin matasai.

Likitoci ba su hana irin wannan barci ba, akwai ma lalurorin da su da kansu suke ba da shawararsa. Sai dai akwai tambayar da ya kamata iyali su fara yi kafin su sayo wa tsohonsu sabuwar kujera: shi ya zaɓi kujerar, ko gadon ne ya gagare shi?

Waɗanda kujerar ke yi wa rana

Masu ƙwannafi ne kan gaba. Akwai wata ƙofa ta tsoka a tsakanin hanyar abinci da tumbi, aikinta ta hana ruwan ciki mai ƙuna dawowa sama. Idan ta yi sako-sako, mutum na miƙewa a gado bayan tuwon dare sai ruwan ya biyo hanyar abinci, ƙirji ya ɗauki zafi, wani ya farka da tari ko ɗaci a baki. Idan ƙirji na sama da ciki kuwa, ruwan zai zauna inda yake.

Haka masu minshari mai tsanani, musamman waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa na wasu daƙiƙoƙi a cikin barci sannan su zabura. Kwanciyar rigingine tana sa harshe da naman maƙogwaro su zube baya su matse hanyar iska, ɗaga kai da ƙirji kuma yana rage wannan matsi. Ragewa dai yake yi, ba ya warkarwa.

Wanda aka yi wa tiyata a kafaɗa sau da yawa akan ce ya yi 'yan makonni yana kwana a kishingiɗe, don kada ya mirgina kan hannun cikin barci. Wasu masu ciwon baya ma, irin waɗanda ke jin sauƙi idan sun ɗan sunkuya, sukan fi samun barci idan ƙugu da gwiwoyi na ɗan lanƙwashe.

Duk waɗannan sun san abin da ke damunsu, kuma sun san dalilin hawansu kujera. Matsalar tana ga wanda bai sani ba.

Idan kwanciya ta gagara

Duk likitan da ke zargin zuciyar mutum ta yi rauni akwai wata tambaya da ba ya tsallakewa: da matashi nawa kake kwana? Wanda a da ɗaya ke isarsa, ya koma biyu, ya koma uku, daga ƙarshe ya bar gadon ya koma kujera, to ya riga ya ba likita rabin amsa.

Ga yadda abin yake. Da rana, lokacin da mutum ke tsaye ko zaune, jini da ruwan jiki masu yawa suna taruwa a ƙafafu da ciki. Yana miƙewa a gado sai su kwararo zuwa ƙirji. Lafiyayyar zuciya tana karɓar wannan ƙarin ta tura shi gaba ba tare da mai ita ya ji komai ba. Wadda ta raunana kuwa ba ta iya kwashewa, sai jinin ya yi cunkoso a jijiyoyin huhu, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun. Cikin 'yan mintoci mutum zai ji numfashi na gagararsa. Yana tashi zaune sai abin ya lafa, domin ruwan ya sake gangarawa ƙasa.

Wani kuma barcin zai ɗauke shi lafiya lau, sai bayan awa ɗaya ko biyu ya farka a firgice yana haki, ya nufi taga ko tsakar gida neman iska. A wurinmu irin wannan akan ce dannau ne, ko asma, ko a ɗora wa zafin gari. Sai a sayo rubutu ko maganin tari, shi kuma ya gano da kansa cewa idan ya kwana a zaune abin ba ya zuwa. Daga nan kujera ta zama makwanci, kowa ya samu kwanciyar hankali, ciwon kuwa yana nan yana ci gaba. Hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen jawo irin wannan rauni na zuciya a Najeriya, kuma da yawan masu hawan jinin ba su ma san suna da shi ba.

Masu jego a Arewa sun fi kowa buƙatar a sa musu ido a nan. Akwai wani nau'in raunin zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubuce-rubuce a kansa, inda suka alaƙanta shi da wankan jego da shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020 bayan an bibiyi mata 406 masu ciwon a cibiyoyin lafiya 22 na ƙasar nan, ya gano cewa a Kano ana samun mace ɗaya mai ciwon a cikin kowace haihuwa 96. Binciken bai samu hujjar ɗora laifin a kan wanka da kunun kanwa ba. Abubuwan da ya fi dangantawa da ciwon su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki.

Abin da ke sa ciwon ya ɓuya shi ne alamominsa sun yi kama da wahalar jego da kowa ya sani: gajiya, kumburin ƙafa, haki. Amma mai jegon da ba ta iya miƙewa a gado sai ta kwana jingine da bango ko a kan kujera, ba gajiyar haihuwa ba ce ke damunta, kuma ba abin da za a jira arba'in ba ne.

Ba zuciya kaɗai ke korar mutum daga gado ba. Ciwon huhu na waɗanda suka daɗe suna shan taba ko shaƙar hayaƙin itace yana yin haka, ƙiba mai yawa ma tana yi. Akwai kuma masu ciwon suga da mashaya taba waɗanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafa suka toshe musu. Su da zarar sun miƙe sai yatsun ƙafa su ɗauki zugi, sauƙi ba ya samuwa sai sun sauke ƙafar ƙasa, don haka sukan gwammace su kwana a zaune. Wannan alama ce da ke nuna ƙafar na cikin haɗarin rasa jini baki ɗaya.

Abin da kujera ke karɓa a madadin sauƙin

Ƙafafu ne ke fara biya. Jinin da ya sauka ƙafa yana dogara ne da motsin tsokar sharaɓa wajen komawa zuciya, da dare kuma kwanciya a miƙe ce ke taimaka masa. Wanda ya kwana ƙafafunsa na lilo ya rasa duka biyun. Idon sawu zai kumbura, a hankali fata ta yi tauri ta yi duhu, ƙaramin ƙurji ya zama gyambon da ba ya jin magani.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya toshe shi. An ga haka ƙarara a Landan a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai mutane na kwana a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. Wani likita mai binciken gawa, Keith Simpson, ya lura cewa masu mutuwa sakamakon toshewar huhu da gudan jini sun ƙaru ƙwarai, kuma yawancinsu tsofaffi ne da suka kwana a kan kujerun zane masu naɗewa, waɗanda katakon gabansu ke danne bayan cinya. Ya wallafa hakan a mujallar The Lancet, ya nemi a samar da gadaje a maɓoyar. A 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa huɗu ko fiye a jirgi ko mota ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini, kodayake a wajen mai lafiya haɗarin bai wuce mutum ɗaya cikin kusan 6,000 ba. Masu bin motar dare daga Kano zuwa Legas, da masu jinya da ke shafe mako a kan kujerar roba a gefen gadon asibiti, duk wannan magana ta shafe su.

A nan ne kujerar kishingiɗa ta gaske ta fi kujerar falo nesa ba kusa ba, tunda tana ɗaga ƙafa. Amma ko ita ba ta kai gado ba. Wasu masu bincike a Ostireliya sun gwada a 2018: suka sa mutane barci a kujerar da ta kwanta digiri 20 kacal, da mai digiri 40, da wadda ta miƙe sumul. Barcin da aka samu a ta farko ya fi gajarta da yawan farkawa, kuma yana ƙara kyau gwargwadon kwantawar kujerar. Ga shi mai barci yana juyi sau da dama cikin dare ba tare da ya sani ba, kujera kuwa ba ta ba da wannan dama. Tsohon da ya daɗe yana kwana a kanta ƙugunsa da gwiwoyinsa kan sandare, fatar ƙasan bayansa kuma tana iya salewa saboda danniya a wuri guda.

Sannan akwai wata asara da masu ƙera kujerar a Amurka ba su da ruwa da ita: gidan sauro a kan gado ake ɗaura shi. Wanda ya koma falo a damina ya bar shi a ɗaki.

Jariri kam babu sassauci a kansa. Ƙungiyar Lullaby Trust ta Birtaniya ta ce barci da jariri a kan kujera yana iya ninka haɗarin mutuwarsa ta farat ɗaya har sau 50, domin yana iya zamewa ya maƙale tsakanin jikin babba da hannun kujera, ko kansa ya lanƙwashe numfashi ya toshe. Uwar da ke shayarwa da tsakar dare, idan ta ji barci na fizgarta, gara ta kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri tukuna.

Kafin a sayo kujera

Mai ƙwannafi ko minshari na iya samun yawancin amfanin kujera ba tare da ya bar gadonsa ba. A sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, a ɗaga shi kamar santimita 15 zuwa 20, yadda jiki duka zai gangara. Wannan ya fi tara matasai, domin matasai wuya kawai suke ɗagawa, wani lokaci ma su naɗe ciki su ƙara tura ruwan tumbi sama. A kuma ba da tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Mai ciki kuwa daga mako na 28 shawarar likitoci ita ce ta riƙa kwanciya a gefe.

Wanda dole sai kujerar, ya kwantar da bayanta sosai gwargwadon abin da numfashinsa zai ɗauka, ƙafafu su kasance a ɗage ba a ƙasa ba, da ƙaramin matashi a ƙasan baya, kuma duk lokacin da ya farka ya ɗan taka ko ya motsa idon sawu. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.

Shi kuwa wanda haki ya kora daga gado, abin da likita zai so ji bai da yawa: yaushe abin ya fara, matasai nawa ake tarawa yanzu, ko takalmi ya fara matsewa, ko ana tari da dare. Za a auna jini, a saurari ƙirji, a ɗauki hoton zuciya idan akwai na'urar. Idan ruwa ne ya taru, akwai magungunan da ke fitar da shi ta fitsari, tare da waɗanda ke ƙarfafa zuciyar da rage gishiri a abinci. Da yawan marasa lafiyar da aka fara wa wannan magani, cikin 'yan kwanaki sukan iya miƙewa su yi barci da matashi ɗaya.