Na'urar awo ta leza: inda ɗigon ya sauka, nan take aunawa

Magina da masu shimfiɗa tayil da dama sun fara jingine tef, sun koma ga wata 'yar na'ura mai girman wayar hannu. Da an danna sai jan ɗigo ya bayyana a bango, tsawon ɗakin ya fito a fuskarta. Kamfanin Leica ne ya fitar da ta hannu mai suna Disto a 1993, yanzu su Bosch ma suna ƙerawa.

Haske take harbawa, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ya bugi bango ya dawo, ita kuma ta lissafa nisan daga hasken da ya komo mata. Mai kyau a cikinsu, kuskurenta a cikin ɗaki bai fi milimita biyu ba. Idan awo ya ɓaci, yawanci daga hannun mai riƙewa ne.

Babbar matsalar ita ce karkace. A ce bango yana nisan mita 10, amma hannunka ya ɗaga har ɗigon ya sauka mita ɗaya sama da inda ya dace. Na'urar za ta nuna mita 10 da santimita 5. Ba ƙarya ta yi ba, layin da ka ba ta ta auna. Santimita 5 kuwa ta isa ta sa ƙofar da kafinta ya haɗa ta ƙi shiga. Don haka ka jingina gindinta da bango, ko ka kwantar da ita a ƙasa mai daidai, ka bar ɗigon ya natsu kafin ka danna. Ka kuma duba ko daga gindinta take fara ƙidaya ko daga bakinta, domin akwai maɓallin sauya wannan, kuma bambancin tsawon na'urar ne sukutum.

Gilashi da ruwa suna yaudararta: hasken ya ratsa, ko ya kauce wani wuri. Baƙin fenti yana shanye shi. A fili kuma, zafin hasken rana yana ɓatar da ɗigon, hazon hunturu yana rage nisan da take kaiwa. Sai wani ya riƙe maka farin kwali a wurin, ko ka bari sai da yamma. Awon da kuɗi mai yawa ya rataya a kansa, a maimaita shi.

Kada ka haska ta a idon kowa, kada kuma ka bar ta inda yara za su ɗauka.