Ajiya a Rumbu Uku: Darasin da Duhun Gombe Ya Koyar

A watan Afrilu na 2024 ne waɗansu maɓarnata suka kayar da turaku huɗu na babban layin lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe. Garin Gombe ya shiga duhu kwana da kwanaki, haka ma Yola da Damaturu. Masu niƙa da masu walda sun ji jiki, amma akwai wata hasara da ba a cika zancenta ba, watau takardun jama'a da ke cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su buɗuwa sai da wuta.

A da, takardar fili tana cikin fayil a kan kanta, ko da fitilar ƙwai magatakarda zai lalubo ta. Yanzu kuwa hukumar GOGIS ta Jihar Gombe tana mai da taswirori da takardun mallaka cikin kwamfuta, haka nan bankuna da asibitoci. To, ran da ɗakin da na'urorin suke ya rasa wuta, ko ya kama gobara, ina mai fili zai ga shaidarsa?

Dabarar da masana suka fito da ita ta yi kama da ta manomin da ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu guda. Kowace takarda ko hoto ana ba ta lambar shaida, a ajiye ta a ɗakunan na'ura uku da ke nesa da juna. Mai nema lambar kawai zai bayar. In ɗaki ɗaya ya mutu, sai a juya shi zuwa wani, shi bai ma sani ba. Haka kamfanin Amazon yake yi da ma'ajiyarsa mai suna S3.

Akwai kuma hanya mai rangwame. Alal misali, a mai da takarda gutsure shida, a bisa lissafin da kowane huɗu sun isa a sake haɗa ta. A kai biyu-biyu gari uku. Ko gari ɗaya ya ɓace, huɗu sun rage, wurin da aka ci kuwa rabin na kwafi uku ne.

Sai dai kowace hanya da kuɗinta. In aka ce ba a karɓi rubutu ba sai ya isa ɗakunan duka, aiki zai yi nawa, yana ma iya tsayawa in waya ta yanke. In kuwa aka karɓa nan take aka aika daga baya, to wanda aka yi wa rajistar fili da hantsi, wuta ta ɗauke da azahar, yana iya tarar da ɗaki na biyu bai san da zancensa ba. Tilas ne hukuma ta zaɓa tun kafin ranar wahala.

Nisa ma wajibi ne. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ɗakin na'urori na kamfanin OVH a birnin Sitarasbog na Faransa, waɗanda ajiyarsu ta biyu take harabar nan suka tashi a tutar babu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ajiya a Gombe da wata a Yola, alhali layin wuta guda ke ciyar da su, kusan rumbu guda ne.

Kamfanin Gwamnatin Tarayya, Galaxy Backbone, yana da irin waɗannan ɗakuna a Abuja, an kuma buɗe wani a Kano a watan Janairu na 2023. Saura ga kowace hukuma ta riƙa kashe nata ɗakin da gangan loto-loto, ta ga ko takardun talakawa za su fito daga can. Allah Ya sa mu dace.