Jika Nawa a Naira? Lissafin da ke Cinye Ribar Mutanen Kan Iyaka

Mutumin Farfaru ko Magama ko cikin garin Jibiya da kuɗi iri biyu yake rayuwa. Ya sayar da kayansa da naira, ya tsallaka Ɗan Isa ko Maraɗi ya sayi wake ko rago da sefa. In aka zauna lissafa abubuwan da suka karya kasuwar wannan yanki, kowa zai ambaci 'yan bindiga, da shingayen hanya, da rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 wadda ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata asarar da ba a kai ƙararta wurin kowa, domin mai ita bai ma san ya yi ta ba: asarar da ke shigowa ta wurin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Sauran matsalolin sun fi ƙarfin talaka. Wannan kuwa maganinta na hannunsa.

A fara da yadda ake kiran kuɗi. Mutanen Nijar ba da lambar da ke jikin takarda suke ƙirga sefa ba, da dala suke ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Sefa 100 ita ce dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuwa dala ɗari biyu, wato jika guda. Don haka idan mai kaya a kasuwar Maraɗi ya ce "ɗari biyu da hamsin", abin da yake nufi sefa 1,250 ne. A ɓangaren Najeriya kuma, dattawan da suka yi zamanin fam da sule har yau in sun ce jaka, wato jika, naira 200 suke nufi, domin jaka fam 100 ce, kuma da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu. Ka ga "jika goma" na iya zama naira 2,000 a bakin tsoho a Katsina, ta zama sefa 10,000 a bakin ɗan Madarumfa. Ɗan gari ya saba. Baƙon da ya taso daga Kano ko Zariya a karon farko, da yaron da aka aika, su ne ke faɗawa.

Sai wurin ɗan canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro tun 1999, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira ce ke yawo, musamman tun Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya sake ta kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya ji farashin Yuro a rediyo zai iya ƙiyasta farashin jika tun bai bar gida ba: ya raba farashin Yuron da 656, ya ninka sau dubu. A ce Yuro na naira 1,640, to jika ta kama kusan naira 2,500. Ɗan canji ba zai bayar a haka daidai ba, kuma ba laifi ya yi ba, sana'arsa ke nan. A ce yana saye a 2,450, yana sayarwa a 2,550. Naira ɗari ce tsakani, wadda ba ta sayen ko kofin shayi. Amma wanda ya canza naira 1,020,000 ya karɓi jika 400, ya je bai sami kayan da yake so ba, ya dawo ya mayar, naira 980,000 zai karɓa. Dubu arba'in ta tafi ba a sayi komai ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lissafin riba, kuma a nan ne har tsofaffin 'yan kasuwa ke ruɗuwa. A ce mutum ya sayi buhun wake jika 30 lokacin da jika take naira 2,000, wato naira 60,000. Kuɗin mota da dako da na hanya suka ci 5,000. Bayan mako uku ya sayar a Katsina naira 72,000, ya ɗebe 65,000, ya ga 7,000, ya yi hamdala. To amma a cikin makonnin nan jika ta koma 2,400. In ya ware 5,000 ta hanya, ya raba 67,000 da 2,400, abin da zai samu bai cika jika 28 ba. Buhun da ya sayar ba zai iya mayar da shi ba. A takarda ya ci riba, a rumbu ya ci uwar kuɗi, kuma in ya ɗauki 7,000 ɗin ya yi cefane da ita, ramin ya ƙara zurfi. Wanda ke sayen kaya da sefa, da sefa ya kamata ya auna ribarsa. Mutanen Nijar sun ɗanɗani irin wannan a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: farankin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. An ce rabi aka rage, amma mai sayen kayan waje ninki ya biya.

Rabawa ce aikin da aka fi yi wa kasala. Buhu mai tiya 40 a naira 60,000, tiya ta kama 1,500. Buhu mai tiya 36 a 56,000 ya fi daɗin ji a kunne, amma tiyarsa ta haura 1,550. Haka ladan mai POS: naira 200 a kan 10,000 kashi 2 ne cikin ɗari, amma 100 a kan 2,000 kashi 5 ne, saboda haka mai ciran kuɗi kaɗan-kaɗan ya fi kowa biya.

Wani zai ce iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja ba su shiga aji ba. Hakane, sai dai wannan hujja ce a kanmu. Mutanen da suka ƙirga wuri dubu-dubu a ƙasa, suka riƙe bashin ayari guda a ka, ba jahilan lissafi ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai tara dukiyarsa da kintace ba. Kuma hisabi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina: malaminta Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan jera lambobi a hatimi da har yau masana tarihin lissafi ke ambata. Rabon gado da zakka ma, ɗaya bisa arba'in a kuɗi, ɗaya bisa goma ko bisa ashirin a amfanin gona, duk rabawa ce. Abin da ya canza shi ne farashin canji yanzu yana iya juyawa tsakanin hantsi da la'asar.

Wani kuma zai ce ai kowace waya na da kalkuleta. Tana da ita, kuma a yi amfani da ita. Amma waya ba ta san dala ba. In ka ji "ɗari biyu da hamsin" ka danna 250, za ta ba ka amsa tsaf, kashi ɗaya bisa biyar na gaskiya. Ba ta gaya maka inda za ka ninka da inda za ka raba, kuma sifili guda in ya ƙaru ko ya ɓace, ba za ta yi tari ba. Shi ya sa ƙiyasi a ka ya zama dole kafin a danna: jika 37 a 2,480 dole ta yi ƙasa kaɗan da 40 sau 2,500, wato 100,000. In waya ta nuna 9,176 maimakon 91,760, ido zai kama. Sannan a juya lissafin: abin da aka samu da ninkawa a gwada shi da rabawa.

Hanzarin da ya fi nauyi shi ne na kunya. Jibiya da Ɗan Isa dangi ne, auratayya ta haɗa su, kuma mutum na jin nauyin ya sake ƙirga kuɗi a gaban surukinsa ko maigidansa. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, kuma ga masu imani aka yi ta. Yawancin rigimar bashi a kan iyaka ba daga ha'inci take tasowa ba. An bayar da kaya a jika, mai karɓa ya riƙe a naira, wata biyu suka wuce, kowa kuma ya rantse a kan gaskiyarsa. Takardar da za ta hana wannan ba ta wuce layi uku ba: adadi da lambobi, da wane kuɗi za a biya, da farashin canjin ranar in an yarda a kansa za a tsaya.