Tayar Mota Kafin Lodin Kaka

In an gama yankan gero a ƙasar Tambuwal da Kebbe, dawa da wake kuma suka biyo baya, to, aiki ya koma kan masu motoci. Daga nan har hunturu ya yi nisa, akori-kura da Kanta ba su da hutu. Su shiga ƙauye su kwaso amfanin gona, su hau kwalta, wasu su nufi Jega, wasu Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 100. Duk wannan nauyi kuwa a kan taya yake. Mai motar da ya wuce damina da suɗaɗɗun tayoyi, yana cewa sai kuɗin kaka sun shigo ya sake, ya sani lodin farko shi ne zai nemi abin da tayar ba ta da shi.

Kowa ya san taya ta yi tsada, kuma da dalili. A dā ana ƙera tayar mota a ƙasar nan. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Daga nan akasarin tayoyin mota sai an yi odarsu daga waje da kuɗin waje. Da darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin taya ya tashi, abin da direba ke ragewa a aljihu kuma ya ragu. Shi ya sa mutane suka karkata ga gwanjo, wadda ake kira Baljiyam.

Ba mu ce duk gwanjo ruɓaɓɓiya ce ba. Amma fa mai saye ya san abu biyu. Dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, saboda haka galibin waɗanda ke kasuwa ta bayan fage suka shigo, ba wanda ya duba lafiyarsu. Sa'an nan masu fasa-ƙwauri sukan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu, don su rage kuɗin dako. Wannan cusawa tana lanƙwasa wayar da ke bakin taya, ta raunana gefenta, ido kuwa ba ya gani sai ranar da ta fashe. Har sababbi ma akan yi musu haka.

To, ga abin da ya kamata kowa ya koya, ko bai yi boko mai nisa ba. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Duba gefenta, ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, galibi cikin ɗan da'ira. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1522, watau an ƙera ta a mako na 15 na shekarar 2022, cikin watan Afrilu ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ƙidaya wa taya shekara 4 daga ranar ƙira, don haka wa'adin wannan Afrilun 2026 ne, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Roba tana tsufa a ajiye kamar yadda take tsufa a kan hanya, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta mata. In lambobin uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, sai dai a yanka ta a yi guga ko takalmi. In kuma ka ga wurin lambar an kankare, ko an sake buga shi, ka ajiye ta ka yi sallama da mai shago.

Bayan shekaru sai zane. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tuddai da maƙera suka sa. In zanen ya suɗe har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Akwai masu sake yanka zane a kan suɗaɗɗiyar taya, su shafa mata baƙi ta yi ƙyalli. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Sa hannu ka shafa cikinta ka ƙidaya faci. Danna gefen ka ga ko akwai tsage-tsage ƙanana. Mai kumburi a gefe kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, zarenta ya riga ya tsinke.

Abin da aka fi yin kuskure a kansa a wajenmu shi ne nauyi. Mai akori-kura yakan sayi tayar ƙaramar mota don ta hau wilinsa, ga ta kuma da sauƙin kuɗi. Kusa da lambar girman taya akwai wata lamba mai faɗin iyakar abin da za ta ɗauka. Mai lamba 91 kilo 615 take ɗauka. Tayar kaya, mai harafin C, mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950. A tayoyin baya guda biyu bambancin ya kai kilo 670, fiye da buhu shida na dawa masu kilo ɗari-ɗari. Wanda ya ɗora lodin kaka a kan ta farkon, ya bi gargadar ƙauye da ita, sa'an nan ya hau kwalta da rana tsaka, araha ba ta yi masa ado ba.

In kuɗin ba su kai na huɗu ba, ra'ayinmu shi ne sababbi biyu sun fi gwanjo huɗu. Ba dole sai mai babban suna ba. Sabuwa mai matsakaicin kuɗi, mai kwanan wata na kusa, wadda aka saya a shagon da zai ba da rasit, ta isa. Direbobi sun saba sa sababbi a gaba, amma maƙeran taya sun ce a sa su baya, don in baya ya zame ko ya fashe motar juyawa take yi, sitiyari ba ya ceto. Mafi kyawun tsofaffin su koma gaba, mai bi musu ta zama safaya. Masu mota biyu ko uku na tasha ɗaya suna iya haɗa kuɗi su aika mutum guda Sakkwato, wanda ya iya karanta lamba, don mai sayen shida ya fi mai sayen biyu bakin ciniki.

Sai iska, wadda kuɗinta ba su taka kara sun karya ba. Taya mai ƙarancin iska ita ta fi ɗaukar zafi, ita ta fi fashewa. A auna da safe kafin a tashi, da ma'auni, ba da dukan ƙarfe ba. Sanyin asubar hunturu yakan rage iskar kaɗan. In taya ta yi zafi a hanya kada a sace mata iska, a tsaya a inuwa ta huce.

Kai kuma manomi da ba ka da mota, maganar ta shafe ka. Wahalar damina guda za ka ɗora, wataƙila kai da ɗanka ku hau bisa buhunan. Kafin ku yi tsadar dako, zagaya motar ka dubi ƙafafunta huɗu, ka ce a nuna maka safaya. In direba ya ji haushi, jira mota ta gaba.