Kafin ka yi mafarkin hoto a Dubai, zaga Cikin Birni tukuna

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na darasin ɗaukar hoto ya ce kowa ya kawo hotuna biyar da ke nuna garinsu. Na buɗe wayata na yi ta lalube: daga gidan cin abinci, sai cikin mota, sai wurin biki. Wallahi ko ɗaya babu wanda baƙo zai gani ya ce nan Kano ce. Kai ma duba taka ka gani. Wannan kunyar ce ta sa na shiga Cikin Birni da ƙafa, ga kuma abin da na samo maka.

Fara da Dutsen Dala, amma ka yi sammako. Da rana ta ɗan ɗago, haskenta na da laushi, rufin gidaje da hasumiyoyin masallatai sai su fito tas, ga Goron Dutse can yana kallonka. Nan ne mazaunin Barbushe, tushen garin kenan. In lokacin hazo ne, kada ka wahalar da kanka kan hoton nesa, fari fat zai fito. Ka ɗauki na kusa: matakala, duwatsu, inuwar mutum.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. A nan ba fuskarka ce abin kallo ba. Durƙusa ka ɗauki hannun marini da baba ya rina, ko zane yana fitowa daga rami kore-kore kafin iska ta mayar da shi shuɗi. Mai son bidiyon TikTok ya leƙa wajen 'yan bugu, sautin dukan kaɗai ya ishe ka, ba sai ka ɗora waƙa ba.

Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, shi ne wurin masu son hoton ado. Gini ne na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Jan bango da zanen magina na haska farin yadi da shuɗi sosai. 'Yar uwa, in kina da lafaya mai launi ɗaya, ita za ki saka, atamfa mai tarin zane faɗa take yi da bangon. Ƙofar Kudu ma ba nisa, sai dai fada ba wurin wasa ba ce. Gaida dogarai, ka tambaya kafin ka ɗaga waya.

Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa, lunguna ne matsattsu masu ƙarancin haske. Nemi inda rana ta ratso ta saman rumfa ta sauka kan kayan fata, kayan doki ko ƙwarya, ka tsaya a nan. Kada ka kunna fitilar waya, kashe launi take yi.

Da la'asar sakaliya ka ƙare a badala, wajen Ƙofar Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya da Kabuga, ƙofar da Turawa suka shigo ta wajenta a 1903. Rana na gangarowa, ƙasar ganuwar sai ta koma ja jawur. Amma a nan ne zuciyata ta sosu. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce, wani wuri ruwa ya cinye ta, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri gini ya hau kanta. Abin da ka ɗauka bana, ba lallai ka same shi baɗi ba. Don haka ka rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasan hoton, wata rana shaida ne. Kuma don Allah kar ka hau kanta don neman salo, kowane taku yana zubar da ƙasa.

Sauran 'yan abubuwa. Goge gilashin kyamara da gefen riga kafin ka fara. Ku tafi ku biyu ko uku, ka riƙe wayarka da kyau, ka bar lungu kafin magariba, ai ka san zancen ƙwacen waya. Mutanen Cikin Birni ba kayan ado ba ne: yi sallama, nemi izini, musamman ga mata da yara, in an ce a'a ka wuce. Mai sana'ar da ya ba ka lokacinsa, sayi ɗan wani abu a wurinsa.

A 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Baƙi na biyan kuɗin jirgi su zo ɗaukar abin da kai kuɗin adaidaita sahu zai kai ka. Asabar mai zuwa ka yi cajin waya, ka fara daga Dala.