Tafiya Da Ɗan Yaye: Kwananmu A Gindin Dutse

 A wannan mako ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi, ni da maigida da 'yarmu Ummi, wadda a lokacin watanta ashirin da haihuwa. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to, ni dai na ga tabbacin haka.

Da bazarar bara aka aiko mana za a yi bikin ƙanwar maigida a Gummi. Muka tashi daga Gusau da hantsi cikin motar wani abokinsa. Muka wuce Bunguɗu, muka wuce Maru inda na yi karatun malanta, muka karya a Mayanci muka kama hanyar Anka. Niyyarmu mu ratsa Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum da Ɗaki Takwas, mu isa kafin la'asar, gama kowa ya san halin da hanyar nan take ciki saboda 'yan bindiga. Mai hankali ba ya bari dare ya same shi a kanta.

Amma ta Allah ba tamu ba. Bayan mun bar Anka, sai mota ta fara tari, ta tsaya cik kusa da wani ƙauye da ke gindin duwatsu. Aka nemo makanike, ya ce sai an sayo wani ƙarfe daga gari, watau sai gobe. Maigida ya je ya gai da mai gari, aka tura mota ciki. Maza suka sauka a zaure, ni kuwa aka shiga da ni wurin mata. Zafi ya hana shiga ɗaki, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗaura gidan sauro tsakanin rumbu da turken akuya.

Ummi ta gaji da zaman mota. Ina kwance goyo sai ta sulale ta tafi gindin wani tsohon turmi, ta zauna tana dumbuzar ƙasa tana kaiwa baki. Ni ban ɗauke shi komai ba, wane yaro ne bai ci ƙasa ba? Sai na ji tsohuwar gidan ta daka mini tsawa, ta ce, "Ke ɗiyata, ɗauke ta maza! Ba a barin yaro shi ci ƙasa garin ga." Ta kawo ruwa da sabulu da kanta, ta wanke mata hannu da baki, kāna ta zauna ta gaya mini dalili. Jikokinta biyu ta rasa cikin wata guda, a shekarar dalma.

Watakila waɗansunku sun manta, gama ni ma ina 'yar firamare abin ya faru. A 2010 ne aka gane yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga, sai rasuwa. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun da maza suke haƙowa don neman zinariya suna da dalma da yawa a cikinsu. A kan kawo su gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida ta kwanta. Babba yana takawa ya wuce, amma mai rarrafe hannunsa kullum daga ƙasa sai baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan gubar. Yara wajen 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira, akwai masu taɓuwar ƙwaƙwalwa har yau. An kankare ƙasar saman gidaje an zuba sabuwa, na Bagega sai 2013 aka yi, amma duk inda aka koma dakan dutse cikin gida, guba ta kan dawo.

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Ga farin wata ya haske duwatsu tas, ga iska mai daɗi tana saukowa, amma ni sai taɓa goshin Ummi nake yi. Kunya kuma ta kama ni, gama ni mai takardar malanta, sai da wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta koya mini kiwon 'yata. Da muka koma Gusau na kai ta asibiti na faɗi abin da ya faru, aka duba ta, Allah ya kiyaye.

To, ga abin da nake so ku riƙe in tafiya ta kama ku da ƙaramin yaro. Da fari, ku tashi da sassafe, ku yi shiri kamar za ku kwana a hanya, ko da tafiyar yini ce. Gidan sauro da tabarma da tocila da sabulu ba su da nauyi. Ku ɗauki ruwan da kuka tafasa a gida, kada ku dogara ga na rijiyar da ba ku sani ba. Ku ƙulla gishiri da sukari a leda. In zawo ya kama yaro, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har a kai ga asibiti. Mai shan nono kuwa kada a fasa ba shi.

Na biyu, duk inda kuka sauka, ku tambayi matan gida kafin ku ajiye yaro a ƙasa. Baƙo ko da ido makaho ne. In kun ga ana dakan dutse ko wankin zinariya, yaro ya zauna bisa tabarma ko a baya, a wanke masa hannu kafin ya ci kome. Ke kuma da mijinki yake zuwa haƙa, ki lallashe shi ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yara, kada kuma dutse ya shigo gida.

Na uku, kwana a daji don sha'awa ba namu ba ne a wannan zamani. In dole ta kama, a nemi gari a sallama wa mai gari.

Kashegari da azahar muka isa Gummi, ana ta faɗa mun makara, har an gama ƙunshi. Da za mu komo na sayi sabulu sanda biyu da goro, na sa aka tsaya na kai wa tsohuwar nan. Allah ya saka mata da alheri, ya ji ƙan jikokinta, ya raya mana namu. Sai wani makon.