Sauya suna da tambari: Me masu sana'ar hannu za su koya daga Ladi Kwali?

Masu sana'o'in gargajiya da dama a Najeriya da Nijar na fuskantar matsin lamba daga kayayyakin masana'antu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, waɗanda galibi suka fi na gida araha.

Wata hanya da wasunsu ke bi domin kare kasuwarsu ita ce yi wa wurin sana'ar sabuwar fuska: sabon suna, da tambari, da launi, da irin rubutun da za a riƙa gani a allon ƙofa da jikin kaya da kuma kwalin da ake zuba su.

Sai dai wannan dabara ta girmi zamanin intanet. Tarihin cibiyar koyar da ginin tukwane da ke Suleja a jihar Neja ya nuna irin ribar da ke cikinta, da kuma abin da akan rasa.

Yaya cibiyar ta samo asali?

A farkon shekarun 1950 ne wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya buɗe cibiyar a garin da a lokacin ake kira Abuja.

A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya ga randunan wata mata 'yar garin Kwali mai suna Ladi, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya bisa tsarin Gbagyi, inda ake gina tukunya da hannu.

A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ta kuma zama mace ta farko da aka ɗauka a wurin.

Mene ne aka sauya a jikin kayan?

Siffar randar da zanen da ke jikinta na ƙadangaru da kunamu da kifaye da kadoji ba su sauya ba. Abin da aka sauya shi ne irin yumɓun, da shafen da ke sa tukunya ƙyalli, da kuma gashi a wuta mai tsananin zafi.

Baya ga haka, an riƙa buga wa kayan hatimi tun yumɓun yana ɗanye. Akwai hatimin cibiyar mai ɗauke da sunan Abuja cikin haruffan Larabci, sannan akwai alamar wanda ya yi aikin. Ta Ladi Kwali ita ce haruffa biyu, LK.

Wannan ƙaramar alama ta yi babban aiki. A kasuwar ƙauye, mai saye ya san maginiyar da ido, don haka ba ya buƙatar hatimi. Amma da aka kai kayan baje koli a birnin Landan a 1958 da 1959 da kuma 1962, hatimin ne ya tsaya a madadinta.

Har yanzu masu gwanjon kayan fasaha na duba waɗannan alamomi kafin su danganta tukunya ga mai ita, kuma da su ake yanke mata farashi.

Me ya sa aka sauya sunan cibiyar?

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, wanda ya ɗauki sunan Abuja, yayin da tsohon garin ya koma Suleja. Ke nan sunan da ke jikin hatimin ya koma nuna wani wuri dabam.

A ɗaya ɓangaren kuma, sunan Ladi Kwali ya riga ya zarce na cibiyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, sannan ta samu lambobin yabo na ƙasa a 1980 da 1981.

A farkon shekarun 1980 aka raɗa wa cibiyar sunanta. Ta rasu a Minna a watan Agustan 1984.

A 2007 Babban Bankin Najeriya ya sanya hotonta tana aikin tukunya a bayan takardar naira 20. A wannan sauyin ne kuma aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, lamarin da ya haifar da muhawara a arewacin ƙasar, ya kuma nuna cewa jama'a ba sa ɗaukar rubutu da alama a matsayin ado kawai.

Wace asara ake yi idan babu suna?

Misalin da masana tarihi suka fi bayarwa shi ne na fatar jar akuyar Sakkwato. Fatake sun daɗe suna ƙetara Sahara da fatun da majeman ƙasar Hausa suka jeme, daga nan a wuce da su Turai ta tashoshin arewacin Afirka.

A can aka san irin wannan fata da sunan fatar Maroko. Aikin na wasu ne, sunan kuma ya tafi ga wasu, kamar yadda Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Irin wannan na iya faruwa ga marinan Ƙofar Mata a Kano, ko maƙeran azurfa na Agadas, muddin kayansu suka bar hannunsu babu wata shaida da ke nuna inda suka fito.

Akwai haɗari a cikin sauyin?

Akwai. Randar Gbagyi ta asali tana sanyaya ruwa ne saboda yumɓunta yana tsatsafo. Da aka shafe ta aka kuma gasa ta da wuta mai ƙarfi, sai ta daina tsatsafo, ta yi nauyi, ta kuma yi tsada. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan ado na masu hali.

Haka nan, idan aka ɗora suna ɗaya a kan sana'ar da al'umma ta gada, sauran masu yin ta kan shiga inuwa. Mata da yawa a yankin Kwali sun gina irin waɗannan randuna, amma kaɗan ne aka san sunayensu.

Haɗari na uku shi ne tambarin da bai yi kama da kayan ba. Mai zanen da bai zauna da masu sana'ar ba yana iya kawo alamar da tsofaffin abokan ciniki ba za su gane ba, sababbi kuma ba za su ga bambancinta da ta kowa ba. Shi ya sa alamar da aka ciro daga jikin aikin, kamar zanen da bajimin baduku ya saba yi a jaka, ta fi daɗewa.

Yaya ake kare sabon tambari?

A Najeriya, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ta wadatar wajen kare tambari. Sai an yi masa rajista ta dabam a ofishin alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7, a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa, ana bi ne ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya ta shekara 10 tana aiki a dukkan ƙasashe 17 na ƙungiyar.

Wanda ya sauya tambari bai yi masa rajista ba, wani na iya riga shi, ya kuma hana shi amfani da alamar da shi ya ƙirƙiro.